Jarumin da ya yi rowar lada

"Malama, wannan jarumin naki marowaci ne."

Haka Hadiza, ɗalibata 'yar aji huɗu a Getso, ta katse ni. A farkon shekarun Shari'a ne, lokacin da ko alli sai mun karya biyu, balle a yi zancen littafi. Shi ya sa na ƙirƙiro musu wani jarumi mai tashi sama, don in koya musu taimako. Ranar na ce ya nome wa wata tsohuwa gonar geronta shi kaɗai kafin hantsi.

Na ce, "Rowar me ya yi, Hadiza?"

Ta ce, "Rowar lada mana. Da Babanmu ya kwanta ciwo, gayya aka kira. Maza suka fito kowa da fartanyarsa, Inna ta dama fura, kowa ya samu ladansa. Shi kuwa wannan ya kwashe duka, bai rage wa kowa ba."

Na koma gida na sake wa labarin fasali.

Washegari jarumina ya sauko ƙasa, ya bi gida-gida yana kiran gayya.

'Yan uwana malamai, me muke koya wa yaran nan ne: su jira jarumi, ko su ɗauki fartanya?