Hotunan Zauren Mai Unguwa

Ban taɓa mantawa da ranar da aiki ya kai ni Unguwar Gawo ba, wani ɗan ƙauye a bayan Babban Mutum, dab da iyakar Nijar. Lokacin ina jami'in hulɗa da jama'a a ofishin mazaɓa na ɗan majalisarmu na jiha, a Baure. Aikina in saurari koken mutane in kai wa Honorabul, shi kuma ya gabatar a zauren majalisa.

Rijiyar ƙauyen ce ta rufta. Da, sai mata su tsallaka Nijar su ɗebo ruwa, to ga shi an rufe iyaka. Da na faɗa a ofis aka yi mini dariya, wai ai 'yan Nijar ne, ko wayarsu layin can take kamawa. Raina ya ɓaci, na hau babur na tafi.

Mai unguwa, dattijo mai barkwanci, ya ja ni cikin zaurensa. Bangon cike yake da hotunan 'yan takara, wani kan wani. Ya sa farce yana ɗagawa.

"Ɗana, wannan tun muna jihar Kaduna muka zaɓe shi. Wannan malamin makaranta ne. Wannan ɗan kasuwa, har ya maimaita. Duk sun iso nan, amma a takarda. Hoto kuwa ba ya jin ƙishirwa."

Na koma na ce wa Honorabul, "Ranka ya daɗe, hotonka ne na sama." Sai ya ce a shirya mota.

Yashi ya tsayar da mu, muka ƙarasa a ƙafa, rana na dukanmu. Bayan gaisuwa mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce mu. Ruwa ake fara ba baƙo, mu kuwa ba mu da shi." Wallahi kunya ta kama mu duka.

Da majalisa ta zauna, Honorabul ya gabatar da ƙudurin gaggawa, aka amince, kafin damina aka haƙa rijiyar burtsatse. Ranar buɗewa na zaro hotonsa zan manna a jikin tanki, sai mai unguwa ya riƙe hannuna.

"Bar shi, ɗana. Wannan mun san fuskarsa."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: wakilci da ƙafa ake yin sa. Mutanenmu kuwa, wanda ya taka ya zo musu ba sa mance shi.