Alƙalamin Mama da Tawadar Kaka

Gari bai gama wayewa ba muka isa tashar mota a Sabon Tasha ranar Asabar, mu uku daga zaurenmu na waya na masu son alƙalamin tawada. Abokan tafiyata biyu murna suke yi za su ga tarin alƙaluman Mama a Kafanchan. Ni kuwa akwatin da ke aljihun rigata ya fi jakata nauyi.

Mama tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, ita ce babba a zaurenmu. Bara ta ga hoton rubutuna, ta aiko mini da aron alƙalamin da ta fi so, ɗan Japan mai bakin zinariya, wanda 'ya'yanta suka saya mata da ta yi ritaya. Ta ce in rubuta jarrabawa da shi in dawo mata da shi. Ana saura kwana biyu jarrabawar, tawadata ta ƙare. Kakata ta miƙo mini 'yar kwalbar tawadar allo da ta dafa da kanta, ta ce akwai albarka a ciki. Na ji kunyar ƙi, na ɗura. Ya rubuta shafi ɗaya baƙi wuluk, gwanin kyau. Washegari ya kafe. Da biro na yi jarrabawar, kuma ban gaya wa kowa ba.

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. Kuɗin mota ya ƙaru a kan na bara, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Hanyar Kachia wani wurin sumul, wani wurin sai ka riƙe kujerar gabanka. Na lura duk ramin da muka faɗa, abokaina aljihunsu suke dafewa, ba kansu ba. A Kachia ƙamshin citta ya shigo ta taga tun kafin mu ga buhunan. Mun sayi gasasshiyar masara da gyaɗa, mai masarar ta ƙara mana ɗaya don ta ce mun yi kama da masu zuwa neman aiki.

Daga nan har Zonkwa musu suka yi ta yi kan alƙaluma. Ɗaya ya ce babu kamar ɗan Jamus na roba, wanda ko ya faɗi a siminti zai tashi ya ci gaba da aiki. Ɗayan ya ce shi ɗan Taiwan yake so, mai jiki garau kamar kwalba, kana kallon tawada tana kai da kawo a cikinsa. Wata mata da ke riƙe da kaza a gefenmu ta tambayi farashinsa, da ta ji sai ta ce, "Yesu! Shi yana rubutu da kansa ne?" Aka yi dariya, ban da ni. Ina ta shirya yadda zan miƙa akwatin a rufe, in yi godiya, in koma gefe.

Bayan Madakiya gonaki suka yi kore shar, duwatsun Kagoro suka bayyana can gaba. Mun sauka Kafanchan kafin azahar, muka hau babura, muka tsallaka layin dogo zuwa gidan Mama.

Ta tarbe mu da kunun acha mai sanyi. A falonta akwai tebur da ta shimfiɗa wa farin zane, alƙaluma a jere kamar 'yan makaranta a layin safe. Ga wanda ake danna bayansa kamar biro bakin ya fito, ga 'yan China masu araha da ta ce su take kaiwa coci don ko sun ɓace ba za ta yi kuka ba. A tsakiya akwai gurbi ɗaya babu kowa. Na san na wane ne.

Na miƙa akwatin da hannu biyu. Ba ta karɓa ba, sai ta jawo wani babban littafi.

"Ɗana, a gidan nan wanda ya dawo da alƙalami, da shi zai rubuta layi ɗaya a nan. Haka muke yi."

Na buɗe murfin, na ɗora baki a takarda. Babu komai sai ƙarar karce. A nan na faɗi komai, har maganar albarka.

Mama ta karɓa, ta kai hanci, ta shinshina.

"Ƙaro! Kai, ɗana, ka ba shi ƙaro ya sha?"

"Eh, Mama. Ki yafe ni."

"Kaka naka bai yi laifi ba. Tawadan shi na alƙalamin kara ne, ƙaro ne yana riƙe shi a allo. Amma kai, wata nawa kana ɗauke da wannan a ciki? Da ka kira ni ran nan, da ruwa kofi ɗaya ya gama magana."

Wannan ya fi zafi, domin gaskiya ne. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta nuna mini yadda ake zare bakin a hankali, ta ce ni zan wanke da hannuna. Na zuƙa ruwa na fesar ya fi a ƙirga. Har muka ci gwaten acha da yakuwa, har abokaina suka gwada kowane alƙalami a teburin suka ɓata yatsu da shuɗi da kore, ni ina kan kofi. Ruwan ya yi baƙi, ya yi toka-toka, amma alƙalamin bai rubuta ba. Mama ta ce sai ya kwana uku a jiƙe, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta bar layina a littafin fayau, ta ja masa 'yar alama da fensir.

Da za mu tafi ta ba ni citta a leda. "Ka kai wa Kaka. Ka ce ina so ragowar tawadan, da alƙalamin kara ɗaya. Ban da shi a tebur na."

A hanyar dawowa ban ga komai sosai ba. Mun iso Sabon Tasha da magariba. Kaka ta ji saƙon, ta yi ta dariya, ta ce ashe har a Kafanchan an san tawadarta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa kowace tawada da alƙalaminta, kuma shirun da nake ɗauka ladabi ne wani lokacin shi ke busar da abin da ruwa kaɗan zai wanke. Ranar Laraba da safe hoto ya shigo wayata. Shafin littafin ne, da rubutun Mama siriri, shuɗi, babu tsinkewa ko ɗaya: "Ya warke. Layinka yana nan, ka zo ka cika da hannunka."

Na riga na fere alƙalamin karan.