Iyakar Gonar Baba

Ni ba mai fita ba ce. Tun da aure ya kawo ni Agege ta Legas, iyakata ƙofar gida, sai in an yi haihuwa ko rasuwa. Amma a tambaye ni gundumarmu ta can arewa, sai in jero ta ƙauye bayan ƙauye, daga bakin fadama har jigawar da ake noman gero, ni da ko firamare ban gama ba. Ina yarinya ni ce mai kai wa Baba fura gona, shi kuwa ba ya shan fura shiru. A bakinsa na ji yadda kakanmu ya sare dajin nan, lokacin garin bai wuce 'yan gidaje ba, kura na zuwa har bakin danga.

Bara da bazara autanmu ya kira ni a waya. Maƙwabcin gona ya shigo mana kunya huɗu, dagaci ya ce a nuna iyaka, in ba haka ba zai bar wa mutumin. Dattawan da suka sani duk sun rasu.

"Yaya, ke kaɗai kika rage," in ji shi.

Na ce, "Je ka tsaya gindin tsamiya, ka fuskanci gabas."

"Wace tsamiya? An yi gawayi da ita tun ina saurayi."

"To, babban surin nan."

"Shagon cajin waya ne a wurin."

"Rafin fa, Auta? Shi ma kun sayar?"

Ya yi dariya. "Yana nan, amma ya sake hanya. Tsallakensa ma yanzu wata ƙaramar hukuma ce."

Ya kunna min bidiyo in gani da idona. Rufin kwano ko'ina, mutane na wucewa, ba fuskar da na sani ko ɗaya. Na kashe wayar na zauna, motocin haya na danfo na ta hon a titi.

Kwana biyu ban ji daɗin abinci ba. Rana ta uku maƙwabciyata Bayarabiya tana markaɗa tattasai a kan dutse, ƙarar ta dawo min da muryar Baba: kakanmu ya binne fasasshen dutsen niƙan matarsa a kusurwar gonar, daidai inda jar ƙasa ta haɗu da baƙa. Nan take na kira Auta na gaya masa.

Suka haƙa a gaban dagaci, suka same shi. Kunya biyu namu, biyu na maƙwabci, kowa ya haƙura.

"In sako miki shi a motar albasa, Yaya? Ki ɗauka a kasuwar Mile 12, ki samu abin tunawa."

Wallahi na so. Na ma hango inda zan ajiye shi a ɗakina. Na ce, "A'a. Mayar da shi ramin. Amma kafin ka rufe, kira 'ya'yanka mata su gani."