Ƙarfen Taya Mai Muryar Fasasshiyar Tukunya

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, akwai mako guda da na tabbata zai bar mini shi. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina aiki a garajin wata ƙungiyar tseren motoci a gefen Lyon. Wani kamfanin ƙera motoci mai hedikwata a Paris ne yake riƙe da mu. Mu kuwa aikinmu mu kai motarsa gaba, duniya ta ga sunansa.

Ni ba bakanike ba ne. Ƙarafan taya nake wankewa, in goge, in jera kafin a ɗora musu roba. Shekarata ta haura arba'in, kuma a lokacin ban daɗe da fara zuwa ajin manya a unguwarmu ta Minguettes ba, inda wata dattijuwa take koya mana karatu da rubutu ranar Asabar.

Shekarar ta zo mana da wuya. Mota ba ta cin tsere, kuma kullum da sabon labari daga Paris: yau a ce za a rufe mu, gobe a ce ana tunani. Sababbin kaya suka daina zuwa. Abin da ya kamata a jefar, sai a gyara a mayar. Daga ƙarshe aka ce manyan kamfani za su zo ranar Juma'a su ga motar tana gudu, kuma abin da suka gani shi zai yanke ko ƙungiya za ta ga baɗi. Mu wajen talatin ne, kowa da iyalinsa.

Ina da wata ɗabi'a da na taho da ita daga gida. Innata maginiyar tukwane ce a Mirriya. Ba ta taɓa kai tukunya kasuwa ba sai ta ɗaga ta, ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta kasa kunne. Lafiyayya tana amsawa da dogon amo, mai tsaga kuwa muryarta gajera ce. Ni ma duk ƙarfen da na wanke sai na rataye shi a ƙugiya, in ɗan buga da ƙotar guduma. Abokan aiki suna yi mini dariya, suna cewa mai kiɗa ya fara.

Ranar Talata na rataye ƙarafa huɗu na ƙarshe da suka rage mana masu kyau, waɗanda aka keɓe don Juma'a. Uku suka amsa. Na huɗu ya yi “ƙwas”, ya yi shiru. Na sake bugawa. Na juya shi na duba a hasken taga, ban ga komai ba. Amma kunnena ya ji.

Na je wurin injiniyanmu na faɗa masa. Bai ko ɗago kai ba.

“An gwada su da na'ura watan jiya. Kana so in ce wa Paris ba za mu fita ba don ka ji kiɗa?”

Na ce ba kiɗa ba ne, tsaga ce.

“To, ka san dokar garaji. Abin da ba a rubuta a takarda aka sa hannu ba, ba a faɗe shi ba.”

Ya san ban iya rubutu ba, ko kuwa haka yake zato. Yau da na manyanta ba na ganin laifinsa sosai. Tsoro ne yake cin sa kamar yadda yake cin kowa. In aka cire ƙarfen nan, babu na musanya, mota ba za ta fita ba.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Matata ta tambaya, na ba ta labari. Ta yi dariya tukuna.

“Malam, ka tsallake teku ka bar tukwanen Inna, ashe suna nan suna bin ka.” Sai ta daina dariyar. “Wanda zai tuƙa motar, yana da 'ya'ya?”

Na ce biyu.

“To Asabar ɗin da kake bar mini cefane kana tafiya lakwal koyon rubutu, don wace rana kake yi?”

Washegari na isa garaji kafin kowa. Na ɗauki takardar rahoto na zauna a kan wata tsohuwar taya. Layi ɗaya ya ci mini kusan rabin awa. Na ɓata takarda biyu, gumi yana ɗiga a kan ta ukun. Na rubuta lambar ƙarfen, na rubuta cewa ya tsage, kada a ɗora. Na sa sunana a ƙasa, harafi bayan harafi. Sannan na kai wa shugaban garaji, wani tsoho mai furfura da muke kira Shef, na ajiye a gabansa.

Ya karanta, ya dube ni. “Kai ka rubuta?”

“Ni ne, Shef.”

“Ka san abin da takardar nan za ta jawo mana?”

“Na sani.”

Ya sa aka kawo wani jan ruwa da ake gano tsaga da shi. Aka shafa, aka goge, aka fesa farin gari. Muna tsaye kewaye. Can sai wani siririn layi ja ya fito ta cikin ƙarfen, kamar zare. Injiniya ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Babu wanda ya yi murna. Juma'a ta rushe, kuma wasu sun daina amsa gaisuwata a ranar. Shef kuwa ya ce ba zai jira a zo a tarar da mota a kan jak ba. “Gobe za mu Paris. Ka ɗauko ƙarfen da wani lafiyayye, ka ɗauko gudumarka.”

Haka na shiga jirgin ƙasa da ƙarafa biyu a cikin buhu. A wani ofis can saman bene, mutum shida suna zaune da kwat. Shef ya ajiye takardata a tebur, da karkatattun haruffanta, ya ce musu ga abin da ke faruwa idan aka bar ƙungiya tana gudu da tsofaffin kaya. Sannan ya ce in nuna musu.

Na buɗe buhun. Na rataye lafiyayyen a igiya, na buga, amonsa ya cika ɗakin. Na ɗaga ɗayan, na buga. “Ƙwas.” Babbansu ya cire tabarau ya ce in sake. Na sake. Ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan. Na ce masa a wurin innata, mai tukwane.

Ba a ba mu amsa a ranar ba. Bayan mako biyu sababbin ƙarafa suka iso, tare da saƙon cewa an ƙara mana shekara guda. Mun yi ta da dukan ƙarfinmu. Daga baya dai an rufe ƙungiyar, kowa ya kama gabansa. Direban nan yana raye, ya aurar da 'ya'yansa.

Abin da na koya shi ne, kunnen da Inna ta ba ni ya ji gaskiya tun ranar Talata, amma sai da na iya sa ta a takarda ranar Laraba aka saurare ta. Shi ya sa ban ƙara fashin aji ba, kuma yau da hannuna na rubuta muku wannan.