Ranar da Aka Rufe Gidan Yayata

Ina cikin aji a Sandamu, ina koyar da lissafi, maƙwabciyar yayata ta kira ni a waya. Ta ce in zo Daura maza, ma'aikatan gwamnati sun cika ƙofar gidan. Na ajiye alli na hau babur.

Ko da na isa, har sun rubuta da jan fenti a jikin katanga cewa gidan yana hannun hukuma. Yaya na tsaye a zaure, hannunta duk gari, don tankaɗe suka tarar tana yi. Babbansu, wani mutum mai sanyin magana, ya nuna mini takardar kotu. Ya ce ana tuhumar mai gidan da cin dukiyar gwamnati, an ba da umarnin riƙe kadarorinsa har a gama shari'a.

Sunan da ke takardar na ƙanen mijinta ne, wanda ke aiki a Katsina. Amma duk unguwa an san mijin Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ya gina gidan da guminsa na fataucin shanu a kasuwar Mai'adua. Bai yi boko ba, sai ya danƙa wa ƙanen nasa aikin takardun fili, shi kuma ya sa sunansa, wai don a fi saurin sa hannu. Ba wanda ya damu, tunda ciki ɗaya suka fito.

Na yi wa jami'in wannan bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ni takarda aka ba ni. Ku je kotu ku faɗa."

Suka ba mu wa'adi zuwa la'asar. Matan unguwa suka taya mu fitar da kaya, katifu da tukwane da awaki duk a bakin titi. Yaya ba ta yi kuka ba. Sai da ta share ɗakin marigayin tsaf, sannan ta bari aka sa kwaɗo.

Na ɗauke ta da 'ya'yanta mata biyu zuwa gidana. Muka ɗauki lauya. Mai unguwa da tsohon maginin da ya aza tubalin gidan suka yarda za su ba da shaida, amma lauya ya ce maganar ƙanen mijin ce za ta fi nauyi. Na same shi bayan an ba da belinsa. Ya rame, ya kasa haɗa ido da ni. Na roƙe shi ya faɗa wa alƙali gaskiya.

"Yanzu duk abin da na faɗa igiya ce a wuyana," in ji shi. "A ba wa Yaya haƙuri."

Har yau ban san ko ya ci dukiyar ba. Abin da na sani, Yaya ta daina zuwa biki da suna, tun ranar da ta ji ana raɗa cewa da su aka ci.

Damina biyu ke nan gidan na kulle. Bara katangar baya ta faɗi, ba a ba mu izinin gyarawa ba. A zaman ƙarshe an sake ɗaga shari'ar saboda lauyan gwamnati bai zo ba. A motar dawowa, da muka kusa gari, Yaya ta ce in daina ɓata ranar aikina, zama na gaba ita kaɗai za ta je.