Baba da Hotunan da Ya Ɓoye

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, wahalar da Baba ya ba ni kan hoton ciki ba za ta bar kaina ba.

Baba dillalin shanu ne a kasuwar Shinkafi, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a gaya wa mai saye na biyu tayin na farko. Da ciwon ciki ya matsa masa, sai ya ɗauki dokar nan ya kai asibiti. Aka yi masa hoto a Kaura, ya tura shi ƙarƙashin katifa. Ya tafi Gusau aka saka shi cikin babbar na'urar nan mai kama da rami, wannan ma ya ɓoye. Duk likitan da ya tambaya ko an taɓa yi masa hoto, sai ya ce a'a. Wai gwada su yake, ya ga ko bakinsu zai zo ɗaya!

Da na yi magana, sai ya ce, "Ke ɗiyar ga, mi kinka sani? In na nuna mai, kwafe maganar wancan zai yi."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum yana ramewa, tuwo ya gagare shi, amma yana ciniki da cikinsa.

Ranar da na raka shi Sakkwato, ya sake cewa a'a, likita har ta fara rubuta a kai shi na'urar. Haƙurina ya ƙare. Na zaro hotunan daga cikin hijabina na zube mata a tebur. Hararar da Baba ya yi mini, sai ka ce na sayar masa da sa a bayan idonsa.

Likitar ta duba, ta ce hasken babbar na'urar ratsa jiki yake yi, kuma yawan maimaita shi ba dalili yana iya jawo cutar daji nan gaba. Ta yi masa sikanin da ake shafa mai a ciki, wanda ba ya da wannan hasken. Ashe tsakuwa ce a matsarmama.

Baba ya ce, "To wanda ya riga ya shiga jikina, da mi za a wanke shi?"

Ta ce, "Ba ya wankuwa, Baba. Sai dai kada a ƙara."

An yi aiki, ya warke, amma har gobe in ya dafe ciki gabana faɗuwa yake. Tun daga nan, duk wanda zai je asibiti a gidanmu, tsohon hotonsa na hannunsa. Likita ba mai tayin shanu ba ne, abin da ka ɓoye masa jikinka ne zai ɗauka.