Injin Jirgin Babana

Har yau idan wani ya ja igiyar janareta a unguwarmu sai gabana ya faɗi. Shekara guda ke nan da faruwar abin, amma har yanzu na kasa ba da labarinsa da baki, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Babana makanike ne a ma'aikatar gona a nan Haɗejiya har ya yi ritaya. Ina 'yar firamare ya samo wani tsohon injin jirgin ruwa da aka yar a bayan sito, ya yi ta fama da shi har ya tashi. Mu huɗu ne 'ya'yansa, duk mata, ni ce auta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ni nake riƙe masa sifana.

Wata tara injin yana barci a zaure, rataye jikin katako, lulluɓe da buhu. Aikinsa na wata uku ne kawai, lokacin da kogi ya cika ya malale fadama, hanyar ƙauyen Gwaggo, yayar Baba, can ƙasa ta wajen Guri, ta yanke. Kafin a kwantar da shi sai Baba ya tsiyaye fetur, ya ɗiga baƙin mai a ramin fulogi. Ni kuma nawa aikin ƙarami ne. Kusa da farfela akwai wasu 'yan ramuka da injin yake shan ruwa ta cikinsu don kada ya yi zafi. Idan aka bar su a buɗe da rani, zanzaro zai cika su da laka ya yi gida. Sai in yayyaga tsumma in cusa da tsinke. Idan ruwa ya zo in zare.

"Malam, wannan tsohon ƙarfen ya fi mu shan gata a gidan nan," in ji Inna, mahaifiyata, duk shekara.

"To ai shi ba ya mita."

"Ba ya mita? Ka ja shi sau ashirin yana maka tari, mu kira ɗaya muke amsawa."

Kafin fitar farko akwai gwaji. Ana cika ganga da ruwa, a tsoma gindin injin, a tayar. Idan yana sha sosai, wani siririn ruwa zai riƙa tsartuwa ta gefe. Baba fitsari yake ce masa, ni kuwa kunyar kalmar nake ji. Sai ya ga wannan ruwan da idonsa za a kai injin bakin kogi a amalanke, a ɗaura shi a bayan kwale-kwale.

Ban san yadda zan kwatanta fitar farko ba. Da hantsi muke tashi. Inda muka bi da ƙafa da rani, yanzu goruba ce tsaye cikin ruwa har ƙugu. Bado ya buɗe fari fat. Kirinjijiya su tashi gabanmu garke guda suna fito. Manoman shinkafa su ɗago daga gonakinsu su ɗaga hannu, Baba ya rage mai don kada igiyar ruwa ta kwantar musu da shuka. Ina gaba, mayafina yana kaɗawa, warin fetur da ƙanshin ɗanyar ciyawa sun haɗu. A tudu Baba mutum ne mai shiru. A ruwa kuwa har waƙa yake yi, da wata murya da ko Inna ba ta taɓa ji ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. A hankali ta zo. Bara, shekarar da na gama sakandare, fulogi ma da yatsa yake lalubarsa. Inna ta ce kada ya fita. Ya ce sau ɗaya dai, ya ga ruwan nan tun yana iya bambanta shi da sama, ya gaida 'yar'uwarsa ya dawo.

Ranar shiri na durƙusa zan zare tsumma sai Inna ta ƙwala mini kira, tukunya tana ƙonewa. Da na dawo Baba ya riga ya fara ɗaura fulogi, na kama masa, a raina kuwa na ɗauka na gama nawa. Muka jawo ganga, ashe tsatsa ta cinye gindinta, ruwa yana zuba kamar rariya.

"Bar ta," Baba ya ce. "Kogin ai babbar ganga ce. Ke ce idona."

A bakin ruwa ja huɗu injin ya tashi. Baba ya yi dariya, ya ɗaga murya saboda ƙara: "Uwata, yana fitsari?"

Akwai maza a wurin suna loda buhuna, wasu suka yi dariya. Na sunkuyar da kai na ce, "E, Baba." Ban duba ba. Wallahi ko waiwayawa ban yi ba.

Ba mu yi nisa ba. Mun shiga inda ruwan yake da ƙarfi ke nan ƙarar ta canza, ta yi kauri, wani ƙauri ya taso, injin ya yi ƙif ya tsaya. Baba ya ja igiya, ta ƙi motsi ko kaɗan. Ruwa ya juya mu a gicciye. Na ɗauki filafili ina tuƙi, amma kamar ina motsa kunu da tsinke. Can gaba wata ƙatuwar bishiya ta faɗo cikin kogin, rassanta a ƙarƙashin ruwa. Ina ihu ina cewa Baba bishiya, yana tambayata ta wane hannu, kafin in ba shi amsa mun shige ta.

Gindin injin ya saƙale a reshe. Bayan jirgin ya fara nutsewa, ruwa yana shigowa ta kan cinyar Baba. Na ji shi yana salati a hankali. Sannan ya ce, "Kwanta a gaba, riƙe katakon da hannu biyu." Na ga ya lalubi kusoshin nan biyu da suke riƙe injin jikin jirgi, yana warware su. Bai yi gaggawa ba. Da ya gama ya ɗora tafinsa a kan murfin, duk da zafinsa, ya tura.

Ko ƙara injin bai yi ba da ya shiga ruwa. Jirgin ya ɗago, ruwa ya watsa mu cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin gulbi. A nan wasu masunta biyu da suke iyo a kan gora suka same mu. Ɗaya ya ce, "Baba, da 'yar yarinya ka shigo wannan ruwan?" Baba ya ce, "Ita ta shigo da ni."

Ba mu je wurin Gwaggo ba. Da rani, da ruwa ya janye, an je an duba gindin bishiyar, ba a ga komai ba sai yashi.

Wata goma sha ɗaya ina ɗauke da maganar. Yanzu Baba haske kawai yake gani da duhu. Makon jiya aka ce ruwa ya iso, na same shi a zaure yana shafa tabon ƙuna a tafinsa. Na durƙusa na faɗa masa duka: tsumman, da "e" ɗin da na ce ban duba ba. Kuka ya hana ni ƙarasawa da kyau.

Ya juyo da fuskarsa inda nake.

"Uwata, shekara nawa ina jin muryar injin nan? Tun muna barin gaɓa na ji ba ya sha. Na ce a raina bari mu ƙara kaɗan, mu kai inda goruba take, in gan ta sannan in kashe. Muka kai, ban gan ta ba. Na ce to bari mu ƙara."

Ban san abin da zan yi da wannan maganar ba. Na zata idan na faɗa zan ji sauƙi, sai na ji tausayinsa ya danne ni fiye da laifina.

Jiya da la'asar ya ce in raka shi bakin kogi. Na riƙe hannunsa muka bi ta bayan kasuwa. Da muka kai inda ake jiyo ruwan, na tsaya cak. Bai ja ni ba.

"Nan ma ya isa," ya ce. "Faɗa mini, ya kai ina bana?"

Na ɗaga kai da ƙyar na duba. Na ce ya shanye gonakin farko, ya kusa taɓa hanya.